Ranar da Baffa Kafinta ya kwashe bencinan majalisa

Baffa Kafinta yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara goma sha huɗu suka yi ba su ce wa juna ko sannu ba. Gidajensu a jere suke. In Baffa ya yi tari Baba yana ji, in Baba ya daka wa akuyarsa tsawa Baffa yana ji. Amma da sun haɗu a lungu, sai kowa ya samu abin kallo a jikin katanga. Ni ce a tsakiya, domin a wajen Baffa ban taɓa zama 'yar ƙani ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Uwata.

Ni malamar makaranta ce. Da yake rubutuna yana karantuwa, sai aka ɗora mini rubuta bayanan zaman majalisar ƙauyenmu, ba tare da an tambaye ni ko ina so ba. Majalisar ɗaki ne dogo mai rufin kwano da taga uku, da teburin Ciyaman a gaba, da benci tara. Ana zama Asabar ɗin farko ta kowane wata da hantsi. A nan ake maganar shanun da suka shiga gona, da kwalbatin da ruwa ya cinye, da jujin da ya matso bakin asibiti, da wanda ya ja katangarsa ya ci hanya. Bencinan nan tara duk Baffa ne ya yi su, kuma makullin ɗakin yana aljihunsa tun ranar da aka kafa ƙofar.

Ba ɗan majalisa ba ne. Ba a zaɓe shi ba, ba a naɗa shi ba, ko sau ɗaya kuma bai taɓa ɗaga hannu ya yi magana a zama ba. Aikinsa jera bencina. Duk jajibirin zama nakan bi ta rumfarsa in na taso daga makaranta, in same shi cikin garin katako har gira, fensir a bayan kunne.

"Uwata, me za a tattauna gobe?"

Sai in karanta masa. Yakan saurara kansa a ƙasa, ya ce "To," ya ci gaba da jan zartonsa.

Washegari kafin kowa ya zo ya gama jeri, kuma jerin wani wata ba ya zama irin na wani. In maganar manoma da makiyaya ce, ba ya bari bencinansu su fuskanci juna, sai ya karkata su kowa ya kalli tebur. Mahauci mutum ne mai saurin hawa, don haka kullum wurinsa yana dab da Ungozoma, wadda ita ta karɓi haihuwarsa. Ba na jin akwai namijin da zai iya ɗaga murya a gefen matar da ta yi masa wankan farko. Tsohon Direba kunnensa na hagu ya mutu, sai a ba shi gefen da na dama zai kalli Ciyaman. Tela kuwa, wanda in ya miƙe da magana sai an yi kamar a roƙe shi, Baffa yakan ajiye shi ƙarƙashin tagar tsakiya, inda rana take isowa daidai lokacin da ya kamata ya zauna.

Shi kansa bakin ƙofa yake tsayawa yana gaisawa da masu shigowa. "Sannu da zuwa, ga wuri can." Kowa sai ya tafi inda aka nuna masa yana ganin shi ya zaɓa. Ciyaman uku aka yi a gabana, kowannensu ya bugi ƙirji cewa a zamaninsa ba a taɓa ba hammata iska a majalisa ba. Ni da nake riƙe da biro na san wanda ya yi aikin, kuma har yau abin yana ba ni haushi.

Mutumin nan da ya iya zaunar da gari guda lafiya, ƙaninsa ya gagare shi. Shekara goma sha biyu ya ba Baba. Da mahaifiyarsu ta rasu Baba bai ko iya tafiya ba, Baffa ne ya goya shi, shi ya riƙa kai shi makaranta a wuya in rafi ya kawo. Har furfura ta fito wa Baba, Auta yake ce masa.

Abin da ya raba su ƙofa ce. Shekarar da aka gina majalisa ita ce shekarar da kakanmu ya rasu, Baba kuma yana birni yana aikin gini. Katakon da aka kawo na bencina ya ƙare a na takwas. Ɗakin kakanmu ya riga ya zube da damina, ƙofarsa tana jingine a bango, katako mai kauri, gara ta fara lasar gindinta. Baffa ya dube ta da idon kafinta, ya sa zarto, benci na tara ya fito. Da Baba ya dawo, abin da ya fara nema ƙofar nan ce, don ya ci burin kafa ta a ɗakinsa. Aka ce masa ya je majalisa ya gani. Ya je ana tsakiyar zama, ya ga mutum biyar a kanta, ga ramin kwaɗon ubansa nan a gefe ko toshe shi ba a yi ba.

"Yaya, ƙofar ubanmu ka shimfiɗa wa gari su zauna a kai?"

Da Baffa ya ce yi haƙuri, da magana ta mutu a nan. Amma idon mutane yana kansa, sai ya ce, "Katako ne, Auta. Gara ce za ta cinye."

Baba ya rantse a gaban kowa cewa ƙafarsa ba za ta sake taka ɗakin nan ba. Rantsuwar a kan ɗaki ya yi ta, amma shirun da ya biyo baya shi ya kawo kansa, ya kuma samu wurin zama. A shekara ta biyu Baffa ya ɗauko bencin ya ajiye a ƙofar gidanmu bai ce komai ba. Baba ya sa aka mayar. "Ku ce masa ƙofa na rasa, ba benci ba."

Ni dai a ganina dukansu suna da gaskiya, kuma dukansu taurin kai ya yi musu yawa. Abin da ya fi ba ni dariya da takaici shi ne gabar tasu ba ta da ƙashi. In kujerar Baba ta karye, Inna, mahaifiyata, takan miƙa ta ta kan katanga, ta dawo a gyare, Baba ya zauna a kai yana cewa kujerun da can su ne masu ƙarko. Da matar Baffa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu kuma aure ya kai su nesa, Baba ne ya ce wa Inna ta riƙa ƙara hannu a tukunya. "Kada abinci ya yi saura ya lalace," in ji shi, alhali ya san inda kwanon yake zuwa. In saƙo ya zama dole, ni ce waya. "Ki gaya wa mutumin can rufinsa ya ɗaga ta gabas." "Uwata, ki ce wa maƙwabcina akuyarsa tana cin igiyarta."

Haka muke har maganar ruwa ta taso. Rijiyar garinmu takan ƙafe da bazara, mata su yi tafiyar awa guda zuwa rafi da jarkoki a ka, yara mata su riƙa zuwa aji a makare idanunsu na rufewa. Sau bakwai ina rubuta takardar koke da hannuna. A ta bakwai ɗin aka turo Injiniya, wani siriri mai hular kwano, ya yi aune-aunensa ya ce ruwa yana kan tudu bayan gari. A can za a haƙa rijiyar burtsatse a kafa tanki, a jawo bututu zuwa famfo a tsakiyar gari. Hanyar bututun kuwa ɗaya ce, ta cikin filin da kakanmu ya bari ba a raba ba, wanda ciyawa ta cinye saboda babu wanda ya yarda ya fara kai fartanya a cikin su biyun.

Injiniya ya ce masu fili su biyu za su dangwala yatsa a takarda ɗaya, a zaman majalisa, a gabansa da gaban shaidu. In ba a yi a zama mai zuwa ba, motar haƙa za ta wuce gari na gaba, mu kuma mu koma ƙarshen layi. Ciyaman ya roƙe shi ya bari a kai wa Baba takardar gida. Ya ce a'a, an taɓa yi masa haka a wani wuri, daga baya mai fili ya ce bai san zancen ba, aka tone bututu.

Baba bai ƙi ruwa ba. "A bi da bututun ko ta tsakar ɗakina ne," in ji shi. "Amma wurin can ba na shiga. Na rantse."

Ciyaman ya zo, Ungozoma ta zo, Tela ya zo ya yi awa biyu yana magana har Baba ya yi gyangyaɗi. Mata suka fara yi wa Inna kallon banza a rafi. Ni kuma na cika na yi fam. Ran Alhamis na same shi yana gyaran ƙotar gatari, na durƙusa na gaishe shi, daga nan ladabina ya ƙare.

"Baba, rantsuwarka ba ta ɗaukar jarka. Inna ce take ɗauka."

Bai ɗago ba. "Malama, tashi ki tafi gidanki."

Na fito ina kuka, kuma ba kukan ruwa kaɗai ba ne. Na san in motar nan ta wuce saboda shi, gari ba zai yafe masa ba, shi ma ba zai yafe wa yayansa ba, tunda a lissafinsa ƙofa ce ta jawo komai. Tsoron da nake ji shi ne tsofaffin nan biyu su mutu a haka, ɗaya ya raka ɗaya makwanci bai ce masa uffan ba.

Ran Juma'a na bi ta rumfar Baffa kamar kullum.

"Uwata, me za a tattauna gobe?"

"Ka sani, Baffa. Abu ɗaya ne."

Ya shafa katakon da ke gabansa da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. "Takardar nan tasu, ta ce dole sai a cikin ɗaki?"

Na buɗe na sake dubawa. "Ba ta ce ba. Ta ce a zaman majalisa, gaban shaidu."

"To," in ji shi. Na tsaya ko zai ƙara wani abu, sai ya ɗauki zarto.

Gidan mijina yana can bakin makaranta, don haka ban san abin da ake ciki ba sai da na iso majalisa da littafina ran Asabar. Ƙofa a buɗe, ɗaki wayam. Tebur ne kawai, sai benci na tara a jikin bango, da wani guda ɗaya kusa da ƙofa. A ƙasa ga sawun abin da aka ja, ya miƙe ya bi hanyar kasuwa. Na bi sawun, na wuce injin niƙa, na wuce shagon Tela, sai ga shi ya kai ni ƙofar gidan da aka haife ni.

A filin da ke gaban gidajen biyu benci bakwai suna jere, an karkata su yadda kowa zai samu inuwa. Mutane sun taru cirko-cirko. Ashe tun fitowar rana Baffa yake jigila shi kaɗai, wani a kafaɗa, wani a ja. Mahauci ya ce mini sau uku yana kai hannu zai taya shi, Baffa yana cewa, "Bari, ni na ɓata, ni zan ɗauka." Mutumin da ya haura saba'in ke nan.

Ciyaman ya iso yana huci. "Wannan wane irin abu ne? Majalisa ce ko kasuwa? Wa ya ba da izini?"

Ungozoma ta gyara zama a bencinta. "Ɗan nan, ka sa a ɗauko maka teburinka ka zauna. Mu ruwa muka zo nema."

Mahauci ya tafi ya ɗauko tebur a ka. Injiniya ya duba takardarsa, ya duba mutane, ya ce shi dai in akwai Ciyaman da shaidu, ko a kan bishiya ne ba ruwansa.

Ƙofar gidanmu kuwa a rufe take ruf. Na zaga ta baya na shiga, na tarar da Inna a tsakar gida ta yi tagumi. Ta nuna mini zaure da baki. Baba yana tsaye a bayan ƙofa, idonsa a jikin tsagar katako. Inna ta ce tun bencin farko yake wurin, ko karyawa bai yi ba. Ban yi masa magana ba, na koma waje, don na lura bakina ba ya gyara komai a gidan nan.

Can sai ga Baffa ya shawo kwanar lungu da benci na takwas a kafaɗa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, tafiyarsa ta zama ja. A bakin lungun akwai 'yar kwata da aka ɗora wa katako ake takawa, kuma shi da kansa ya ɗora shi. Muna kallo ya kai ƙafa gefen katakon, inda babu komai. Ƙafar ta zurma, ya zube a kan gwiwa, bencin ya daki katanga.

Kafin waninmu ya motsa, ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Baba ya fito ba takalmi ba hula, ya ratsa mutane, ya cafe bakin bencin ya ɗage shi daga kafaɗar yayansa.

"Haka ake ɗaukar benci? Da tsufanka? So kake ka karye a ƙofar gidana a ce ni ne?"

Baffa ya dafa katanga ya miƙe a hankali, ya lalubo ɗaya bakin.

"Riƙe can da kyau, Auta. Ya fi nauyi ta wajenka."

Suka ɗauko shi tare, Baba a gaba yana ta faɗa, Baffa a baya yana ɗingishi. Da suka ajiye, Baffa ya juya zai koma gefe ya tsaya kamar yadda ya saba. Baba ya kamo hannun rigarsa.

"Zauna. Jini kake yi."

Ya zauna. Ban taɓa ganin Baffa a kan ɗaya daga bencinan nan ana zama ba sai ranar. Baba ya zauna a gefensa yana kallon wani wuri daban, kamar dai wurin ne kawai ya rage.

Ciyaman ya buɗe zama a gurguje. Injiniya ya karanta takarda, ni kuma na fassara wa waɗanda ba su ji ba. Aka matso da tebur gabansu, na buɗe 'yar gwangwanin tawada na ajiye. Baba ya dangwala ya danna. Na juya takardar wajen Baffa, na nuna masa layi.

"Nan, Baffa, kusa da na Baba."

Ya ɗaga babban yatsansa ya kai shi inda yake zaton tawada take, sai ya danna a kan katakon tebur. Wani a baya ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye. Baffa ya sake gwadawa, ya taɓa gefen gwangwanin ta kusa kifewa. Sai ya tsaya da yatsa a sama yana murmushi, irin murmushin wanda aka kama.

Kullum ina wucewa ta rumfarsa, kullum ina karanta masa takarda, ban taɓa lura ba. Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da kowa.

Baba ya juyo, karo na farko, ya dubi fuskar yayansa sosai. Ya ɗaga hannu ya gilma shi a gaban idanun. Ko ƙiftawa ba su yi ba.

"Yaya." Muryarsa ta sauka ƙasa. "Tun yaushe?"

"Na dama tun bara. Na hagu yana ɗan ganin haske."

"Da haka ka yi ta jigilar nan?"

"Ƙafa ta san hanya. Kwatar ce ta yi mini wayo."

"Shekara guda, kuma ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Wa zan faɗa wa, Auta?"

Baba ya matso kusa da shi.

"Ni mana," in ji shi. "Ni."

Ya kamo yatsan da hannu biyu, ya kai shi cikin tawada, ya ɗora shi a kan takarda dab da nasa, ya danna. Injiniya ya zare takardar a hankali, Ciyaman ya ce wani abu game da batu na gaba, amma ban ji ba, ban kuma rubuta ba. Baba bai saki hannun ba. Ya jawo bakin rigarsa yana goge wa yayansa tawadar, a hankali, gaba da baya, har ta fita tas, bai daina gogewa ba.